Zafin Agadas Daban, Zafin Makka Daban

Akwai wata magana da ba ta ƙarewa a bakin maniyyatanmu, musamman idan ma'aikacin lafiya ya miƙe a wurin bita ya fara ja musu kunne game da zafin Saudiyya. Sai ka ji wani daga can baya ya ce, "Mu da muka tashi a Sakkwato, wace rana kuma za a nuna mana?" Na ji ta a bakin Basakkwace, na ji ta a bakin mutumin Maiduguri, na ji ta a bakin mutumin Damagaram, kuma duk mai faɗinta da gaske yake yi, domin tun yana goye yake shan rana. Amma a ganina wannan magana tana cikin abubuwan da ke kwantar da iyayenmu a asibitocin Mina da Arfa, wasunsu ma daga wannan kwanciya ba sa sake tashi.

Don in kafa hujjata, zan ɗauki Agadas, tsohon birnin Abzin da ke cikin hamada sosai, inda har gobe da Hausa ake ciniki a kasuwa, in jera ta da Makka. In dai mutumin Agadas ba shi da hurumin cewa ya san zafin Makka, to mu na Katsina da Kano ba mu da ta cewa. Agadas na san ta ne ta wajen kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda ya daɗe yana fataucin albasa da dabino tsakanin can da Katsina, yakan kuma tafi da ni tun ina saurayi. Makka kuwa Allah ya nufe ni da zuwa cikin watannin zafi, na taka Mina da Arfa da ƙafata.

Wanda ya tsaya ga alƙaluma kawai zai rantse garuruwan biyu uwa ɗaya uba ɗaya suke. Ruwan saman da ke sauka a Makka cikin shekara guda bai wuce wajen milimita 110 ba, kuma tsofaffin ƙididdigar Agadas ma kusan haka suka nuna. Kano a shekara mai kyau takan sami ninkin wannan sau bakwai ko takwas. A tsakiyar zafi, ma'aunin Agadas yakan tsaya wajen digiri 41 da rana a watannin Mayu da Yuni, na Makka kuma ya kai 43 zuwa 44 a watan Yuni. Dukansu biyu rana takan tsaya musu tsaf a tsakiyar ka sau biyu a shekara: a Makka ranar 27 ko 28 ga Mayu da kuma 15 ko 16 ga Yuli, ranakun da mutane ke amfani da inuwa wajen gyara alƙibla; a Agadas kuma farkon Mayu da farkon Agusta. Dukansu duwatsu ne a kusa da su. Har wurin gudun zafi kowace tana da nata a bisa: mutanen Makka suna da Ɗa'ifa mai tsayin wajen mita 1,800, garin inabi da rumman da furen wardi, mutanen Agadas kuma suna da duwatsun Bagzan da suka haura mita 2,000 da lambunan Timiya inda lemo da rumman ke nuna a tsakiyar Sahara. To ina bambancin yake?

Bambanci na farko yana cikin yadda shekara ke juyawa. Zafin Agadas yana da ƙofar shiga, yana da ta fita. Yakan fara tsananta a Afrilu, ya kai maƙura a Mayu da Yuni, sai iskar damina mai tasowa daga tekun Atlantika, wadda ta riga ta jiƙe Legas da Zariya da Maraɗi, ta lallaɓo ta iso Abzin a Yuli da Agusta. Ruwan ba shi da yawa, amma hadari yana rufe rana, ƙorama ta kawo, ciyawa ta tsiro, ma'auni ya sauko wajen 38. Shi ya sa makiyaya ke haɗuwa a Ingal cikin watan Satumba suna shayar da dabbobi ruwan gishiri. Daga Nuwamba kuma sai hunturu ya kankama, iska ta juyo daga arewa maso gabas ɗauke da ƙurar kwarin Bodele na ƙasar Chadi. A watan Janairu daren Agadas yakan sauko wajen digiri 12, a kan duwatsu ma har ruwa yakan daskare. Na ga manyan mutane sun kewaye garwashi da asuba, kowa ya naɗe a bargo, haƙora na kaɗawa. Jikin mutumin Agadas yana samun wata uku ko huɗu na hutu kowace shekara.

Makka ba ta san wannan hutu ba. Iskar daminarmu ba ta kai mata. Tun daga Mayu har ƙarshen Satumba, wata biyar cur, zafin rana ba ya sauka ƙasa da 42 a bisa matsakaici, Oktoba ma yana wajen 40. Abin da ake kira sanyi a can shi ne Janairu, lokacin da rana take digiri 30, dare kuma 19, wato dai yanayin da mutumin Agadas zai kira ƙarshen Fabrairu ko shigowar Maris. Ɗan ruwan da take samu kuwa a watannin Nuwamba, Disamba da Janairu yake zuwa, daidai lokacin da mu muke fama da faso da kaushi. Ruwan Agadas yana zuwa ne ya karya zafi a tsakiyarsa, na Makka kuma sai zafi ya gama abin da zai yi sannan ya iso.

Abin da suka yi tarayya a kai a nan shi ne mugun halin ruwan hamada: ba ya zuwa, in kuma ya zo sai ya zo gaba ɗaya, ya faɗa kan dutse da busasshiyar ƙasa da ba ta tsotsa, ya gangaro kan mutane. Ambaliya ce ta rushe bangon Ka'aba wajen shekarar 1630, aka sake gina ta a zamanin Sarkin Daular Usmaniyya Murad na Huɗu. Akwai sanannen hoton nan na 1941 inda ake ganin mutum yana ɗawafi da iyo. A watan Satumban 2009 ƙoramar Telwa ta ɓalle ta shiga Agadas ta cinye dubban gidajen ƙasa. Ba a yi wata uku ba, a Nuwamban wannan shekara, ruwa ya ci fiye da mutum 100 a Jidda ana tsakiyar aikin Hajji.

Bambanci na biyu yana cikin iskar kanta, kuma a nan nake so mai karatu ya natsu. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Agadas ya san salka. Za ka ga an rataye ta a jikin babbar mota ko a reshen ƙaya, fata ce baƙa, jikinta kullum a jiƙe. Rana tana dukanta, amma in ka kwance bakinta ka tsiyaya a kwanon sha, sai ka ji ruwan da sanyi har cikin haƙori. Sirrin shi ne ruwan da ke tsattsafowa ta jikin fatar. Busasshiyar iska tana kwashe shi, yana tafiya da zafin da ke ciki. Jikin ɗan Adam ma salka ne. Gumi ba ya sanyaya mutum don ya fito, sai in ya bushe. A bazarar Agadas, wajen Maris da Afrilu, iska a bushe take ƙamas. Kana gumi ba ka ma ganinsa, sai dai da yamma ka tarar da farin gishiri ya zana taswira a bayan rigarka. Muddin kana shan ruwa kana cikin inuwa, jikinka yana iya aikinsa.

Makka kuwa tazarar da ke tsakaninta da Bahar Maliya ba ta wuce kilomita 70 ba, kuma Bahar Maliya tana cikin tekunan da suka fi ɗumi a duniya. Da zafi ruwan samanta yakan haura digiri 30. Ban ce Makka Jidda ce ba, inda riga ke manne wa mutum tun daga matakalar jirgi. Amma iskarta ta fi ta bazarar Agadas danshi nesa ba kusa ba, kuma daga Agusta zuwa Oktoba danshin teku yakan hauro ya haɗu da zafin. Idan iska ta riga ta ɗauki ruwa, gumin da ke jikinka ba ya saurin bushewa. Sai ka ga mutum sharkaf, ruwan jikinsa yana ƙarewa, zafin kuma yana nan a ciki bai fita ba.

Ga kuma wurin zama. Agadas tana kan fili buɗaɗɗe, a tsayin wajen mita 520 daga doron teku, iska tana ratsa ta ta ko'ina. Makka tana can ƙasa, mita 277, a cikin kwari, duwatsu masu duhu sun yi mata zobe. Duwatsun nan suna wuni suna shan rana, da dare su amayar da ita. A ƙara da dogayen benaye, da kwalta, da na'urorin sanyaya ɗaki da ke hura zafi waje, da dubban motocin safa-safa da ke tsaye injinsu na aiki. Shi ya sa daga Yuni zuwa Satumba daren Makka yake tsayawa tsakanin 28 da 30, alhali na Agadas 26 ne a tsananin zafi, 24 a cikin damina. Wani zai ce digiri 3 ko 4 me ya dame shi? Ya tambayi wanda ya kwana a filin Muzdalifa a watan Yuni, ƙasa tana turo masa zafi ta ƙarƙashin tabarma har asuba. Da dare jiki yake biyan bashin da rana ta ɗora masa. In dare bai yi sanyi ba, da bashin jiya za a shiga gobe, kuma Hajji kwana biyar ne ko shida a jere.

Madina ce ma ta fi kama da Agadas. Tana kan tudu, wajen mita 600, nesa da teku, iskarta busasshiya, darenta na Janairu yakan sauko wajen 12. Alhazanmu da yawa a can suke fara sauka, su yi kwanaki tsakanin masauki mai sanyi da inuwar manyan lemomin harabar Masallacin Annabi (SAW), sai su ɗauka sun gama sanin ƙasar.

Amma duk waɗannan ba su ne babban abin ba. Babban bambanci yana wajen mutane, da abin da suke yi in rana ta take. Abin da na gani a Agadas shi ne, babu mutanen da suke girmama rana kamar waɗanda suka fi kowa zama a cikinta. Ana sallar asuba gari ya tashi. Masu lambu a bakin Telwa sun riga sun fara ban ruwa, ana loda buhunan albasa, maƙeran azurfa sun hura wuta. Kafin hantsi ya dubi ludayi an ci ƙarfin aikin yini. Daga ƙarfe 11 kuwa sai ka ga lungunan tsohon gari sun yi tsit, awaki ma sun lafe a jikin bango. Ba za a sake ganin motsin kirki ba sai la'asar ta yi sanyi.

Gidan da kawuna yake sauka ginin ƙasa ne, kaurin bangonsa ya kai kamu guda, tagoginsa ƙanana can sama, rufinsa azara da laka. Ka shigo daga waje da tsakar rana sai ka ji kamar an zuba maka ruwa a ka. Da dare kuma ba mai kwana a ɗaki. A fito da tabarmi tsakar gida, a bar bango ya huce. Wannan ilimin gini ne ya tsayar da hasumiyar babban masallacin garin mai tsayin mita 27, wadda aka fara ginawa a 1515, aka sabunta a 1844, kuma yana cikin dalilan da suka sa hukumar UNESCO ta sanya tsohon birnin cikin wuraren tarihi na duniya a 2013. Maigidan, wani dattijo Ba'abzine, ban taɓa ganin tsakiyar kansa ba. Rawaninsa ya rufe ka, ya rufe wuya, ya rufe baki da hanci, idanu kaɗai a waje. Rigarsa kuma mai faɗi ce, iska na yawo a cikinta. Da rana abincinsa fura ce da aka dama da cuku da dabino, ruwa-ruwa, a sha kaɗan-kaɗan. Wata rana yaron motar kawuna ya zari jarka zai fita sayen man inji ana dab da azahar, kansa ba ko hula. Dattijon ya ɗaga hannu daga inda yake kishingiɗe ya ce, "Ɗana, dawo ka zauna. Motar ba za ta gudu ba. Mu nan ba ma jayayya da rana. In ta fito sai mu ba ta hanya." Ayarin gishiri ma da ke ratsa hamadar Tenere zuwa Fashi da Bilma, inda aka taɓa auna digiri 48.2 a watan Yunin 2010, ba ya tashi a bazara. Sai kaka ta shigo, wajen Oktoba, madugu yake ɗaura wa raƙuma kaya.

Ashe abin da muke kira sabo da rana, mafi yawansa iya guje mata ne. Manominmu na Daura ma haka yake: ya yi sammako, rana ta take ya koma gindin gawo ko tsamiya, malafa a kansa. Fatarmu ba ta ƙarfe ba ce. Dabara muka gada, kuma dabarar tana da sharuɗɗa: ka rufe kanka, ka zaɓi lokacin fitarka, ka san inda inuwa take, ka kwanta in ka gaji.

Yanzu a dubi abin da aikin Hajji yake yi wa waɗannan sharuɗɗa. Namiji mai harami ba rawani, ba hula, ba malafa. Ƙyalle biyu ne, kai da wuya a waje. Lokaci ba naka ba ne, na ibada ne da na jadawalin motoci. Inuwa ba ka san inda take ba, domin baƙo ne kai, kuma tantunan Mina duk kamarsu ɗaya. Wanda ya ɓata zai iya yin awa uku yana zagaye a rana yana neman tutar ƙasarsa. Daga Makka zuwa Arfa kusan kilomita 20 ne, kuma ko an ɗauke ka a mota ko jirgin ƙasa, tafiyar jifa daga tantunan da ake ba mutanenmu zuwa Jamrat da dawowa kilomitoci ce masu yawa, a kan kwalta, kwana uku a jere. Kana kuma cikin taron da a 2024 ya haura mutum miliyan 1.8, kowane jiki yana fitar da nasa zafin. Matanmu su ma, ko da yake kansu a rufe yake, da yawa hijabin roba suke zumbulawa har ƙasa, wanda ba ya barin gumi ya bushe.

Mutane kuma ba su cika sanin cewa lambar da ake faɗa a rediyo a inuwa ake auna ta ba, cikin akwati mai iska, sama da ƙasa da kamar mita ɗaya da rabi zuwa biyu. In an ce 44, to wannan na wanda ke zaune a inuwa ne. Mai tafiya a kan baƙar kwalta da silifa, rana a ƙeyarsa, abin da yake sha ya wuce haka da nisa. A ranar 17 ga Yunin 2024, hukumar yanayi ta Saudiyya ta auna digiri 51.8 a Masallacin Harami. Da aka kammala aikin Hajjin, ministan lafiya na ƙasar ya sanar da rasuwar mutum 1,301, ya ce kashi 83 cikin 100 daga cikinsu ba su da izinin Hajji, wato ba su da tanti mai sanyi, ba su da mota, suka yi ta tafiya a ƙasa cikin rana. Mafi yawan mamatan Misirawa ne. Ko akwai wanda zai ce mutumin Masar bai san hamada ba? Gwamnatin Masar ta ƙwace lasisin kamfanonin tafiye-tafiye 16, shugaban Tunisiya kuma ya sallami ministansa na harkokin addini.

A hanyar dawowa daga jifa na ga wani dattijo, da ganin tsagen fuskarsa ka san daga ƙasar Gobir yake, ya zauna a gefen titi ya jingina da shingen ƙarfe. Na durƙusa na ce, "Baba, sannu. A kawo ruwa?" Ya ce, "A'a ɗana, na gode, hutawa kawai nake yi." Na taɓa hannunsa na ji shi rau kamar an ciro daga wuta, fatar a bushe, ba ɗigon gumi. Na tambaye shi lambar tantinsa, sai ya fara ba ni labarin gonarsa. Nan na gane abin ya taɓa kai. Muka tsayar da ma'aikatan agaji, suka kwarara masa ruwan sanyi, suka ɗora shi a keken marasa lafiya. Wani ɗan garinsu da ya iso daga baya ya gaya mini cewa tun safe Baba ya ƙi shan ruwa, wai don kada fitsari ya matse shi ya shiga layin banɗaki alwalarsa ta karye. Manomi ne da ya shekara sittin yana noma a rana. Sabo bai hana shi faɗuwa ba, sabon ne ma ya sa bai ji tsoro ba. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce sabo turken wawa, ko da yake shi Baba ba wawa ba ne. Ba a gaya masa ba ne, ko an gaya masa da harshen da bai shige shi ba.

Na san abin da wasu za su ce: ajali ne, kuma wa zai ƙi mutuwa a Makka? Na yi imani ajali na Allah ne, ina kuma roƙa wa duk wanda ya cika a can rahama da kyakkyawan matsayi. Amma addinin da ya sauƙaƙa wa matafiyi azumi, ya ba marar lafiya damar wakilta wani ya yi masa jifa, bai ce mutum ya ƙi ruwa alhali ga ruwa a gabansa ba. Dattijon da ya tara kuɗin kujera shekara goma, burinsa ya cika rukunan Hajjinsa ne. Wanda aka kwantar a asibiti ba ya cikin hayyacinsa tun ranar Arfa, ai an tauye masa abin da ya je nema.

Saudiyya ta yi ƙoƙari, wannan ba a musu. Farin marmaran da aka shimfiɗa a filin ɗawafi, wanda aka kawo daga tsibirin Tasos na ƙasar Girka, ba ya ɗaukar zafi ko da tsakar rana. Akwai turakun fesa ruwa a hanyoyi, akwai tantuna masu na'urar sanyi, a Arfa kuma an dasa dubban itatuwan darbejiya, irin dai wadda ke ƙofar gidajenmu. A 2025 hukumomi sun nemi alhazai su zauna cikin tantunansu ranar Arfa daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma. Duba da kyau, wannan ai dokar dattijon Agadas ce aka mayar ta hukuma. Amma mai ɗokin hawa dutsen Arfa don ya ɗauki hoto ya tura gida ba ya jin kira.

Gaskiya ne kuma Hajji yana ja baya da kwana 10 zuwa 12 kowace shekara. An yi tsayuwar Arfa ranar 27 ga Yuni a 2023, 15 ga Yuni a 2024, 5 ga Yuni a 2025. Daga nan sai Mayu, sai Afrilu, a hankali har a shiga watanni masu sauƙi. Sai dai Mayun Makka 42 ne, ba hunturu ba ne. Kuma zagayen zai dawo. Wani bincike da masana na jami'ar MIT ta Amurka suka fitar a 2019, cikinsu har da Farfesa Elfatih Eltahir ɗan asalin Sudan, ya yi gargaɗin cewa idan ɗumamar duniya ta ci gaba, Hajjin shekarun 2047 zuwa 2052, da zai faɗo a watannin da zafi ke haɗuwa da danshi, zai iya kai wa matakin haɗari mai tsanani. Yaran da ke firamare yau su ne maniyyatan wancan lokaci.

Ko a gida ma sabon ya fara gazawa. A farkon Afrilun 2024, cikin azumi, an auna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, asibitin Gabriel Touré da ke Bamako kuma ya ba da rahoton mutuwar mutum 102 cikin kwana huɗu, da yawansu tsofaffi. Mun rushe soraye mun kafa bulo da rufin kwano, mun sare itatuwan tsakar gida mun yi shaguna, wuta kuma ba ta tsayawa balle fanka ta juya. Ilimin da ya raya mutanen Abzin muna zubar da shi tun kafin mu hau jirgi.

Saboda haka ina kira ga Hukumar Alhazai ta Ƙasa da hukumomin jin daɗin alhazai na jihohi, da takwararsu ta Nijar, su ɗauki darasin zafi da nauyin da suke ba darasin ɗawafi da sa'ayi. Kada ya zama jawabin minti biyar a ƙarshen bita lokacin da kowa ya ƙosa. A koya wa maniyyaci da Hausa, da Fulatanci, da Barbarci, da Zabarmanci cewa ciwon kai da jiri da fitsari mai duhu gargaɗi ne. Cewa in abokin tafiyarsa ya fara sambatu ko gumi ya ɗauke masa jiki ya yi zafi, a kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwa, a kira ma'aikatan lafiya nan take, ba a tsaya tofi kaɗai ba. A saka ƙunshin gishiri da sukari na haɗa ruwa cikin jakar kowa. Masu hawan jini da ciwon sukari da ciwon ƙoda, da masu shan maganin da ke sa yawan fitsari, likita ya zauna da su ɗaya bayan ɗaya tun a gida. Gwajin lafiya kuma ya zama gwaji na gaskiya, ba takardar da ake sa wa hannu a kan tebur ba.

Malamanmu su ma akwai nasu. Na ga alhazai da dama suna tsoron riƙe lema domin sun ɗauka daidai take da rufe kai, alhali hukumomin can kira suke a riƙe ta, malamai da yawa kuma sun halatta. In akwai wani bayani na mazhaba, a yi shi dalla-dalla tun a gida. Haka maganar wakilci a jifa, da jinkirta shi zuwa yamma ko dare ga mai rauni: a faɗa wa tsoho a fili cewa karɓar sauƙi ba ragon imani ba ne.

Kai kuma ɗan'uwa da Allah ya hore maka kake shirin biya wa mahaifiyarka ko mahaifinka, kada arha ta ja ka ga dillalin da zai shigar da su da bizar ziyara ya watsar a titi ba tanti ba mota. Ka bi hanyar da ke da izini ko ka jira wata shekara. Ka saya musu farar lema da hijabin auduga, ka haɗa su da wani mai ƙarfi a ayarinsu da zai riƙa tuna musu shan ruwa, ka kuma zaunar da su kafin tafiya ka gaya musu cewa daga ƙarfe 10 na safe zuwa la'asar, in ba dole ba, kada su fita daga tanti.